Asabar a garejin Tsoho

Sau uku na wanke hannuna amma har yanzu warin baƙin mai yake. Tun bayan sallar asuba na kama hanyar garejin Tsoho, can bayan garin Hickory a jihar Karolina ta Arewa, Amurka. Baturen ya ba saba'in baya. Ni na laƙaba masa Tsoho, ya kuma karɓi sunan. Tseren tsofaffin motoci yake shiga, irin wanda ake zagaya ɗan ƙaramin fili, ni kuwa duk ƙarshen mako nake kama masa aiki tunda gwiwoyinsa sun daina yarda da tsugunno.

Injin da muka kwance yau Ford 300 ne, mai silinda shida a jere, lita 4.9. A wurin 'yan gwangwan muka ciro shi daga wata tsohuwar a-kori-kura F-150, kuɗinsa bai kai na tayoyin motar tseren ba. Daga 1965 har 1996 Ford ta yi ta ƙera shi, shi ya sa kayansa ke zube ko'ina kamar kayan Fijo 504 a Panteka lokacin ina yaron gareji a Kaduna. Da na ga tsayin bulok ɗin sai Marsandi 911 ta faɗo mini a rai. Ita ma shida ce a jere, sai dai gas take sha.

Cikinsa ya burge ni. Karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, a kan metal (boris) bakwai yake zaune, kuma taimin ɗinsa babu sarƙa babu bel, giya biyu ne suke cizon juna. To amma namu babbar giyar ta faiba ce, mun tsinci gutsattsarin haƙoranta a botom-fulet, kaskon baƙin mai da ke ƙasan injin. Tsoho ya jefa ta kwandon shara, ya ɗauko ta ƙarfe. Ta fi ƙara, in ji shi, amma wa zai ji ta a filin tsere?

Wajen hantsi muka yi musu. Ni so nake mu sa ƙatuwar kafireta, mu sake kamshaf, injin ya riƙa kururuwa. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya miƙo mini abin awo ya ce in duba: faɗin silinda inci 4, tafiyar fistan inci 3.98. Fistan mai doguwar tafiya haka, ga dogon karanshaf, ba ya son juyi mai yawa. Tsoho ba ya barin allura ta wuce juyi 5,000 a minti. A gajeren fili abin nema shi ne mota ta fizga in an fito daga kwana, wannan kuwa aikin injin ɗin ne tun yana jan kaya. Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarsa ce.

Botom-fulet ɗin muka yi wa wuni. Ban taɓa tunanin abin ba sai a ƙasar nan: a wannan tseren hagu ake ta karyawa, kwana bayan kwana, baƙin mai duk sai ya gudu dama. Famfon mai ya zuƙi iska na ɗan lokaci kaɗan, metal ya ƙone, injin ya buga. Sai muka yanka faranti muka yi masa walda a ciki, shinge-shinge masu ƴan ƙofofi da ke barin mai ya gangaro wurin bakin famfo amma su hana shi komawa. Kuɗin farantin bai taka kara ya karya ba. Babban yatsana ne ya biya, ga ƙuna nan ta yi ruwa.

Muna cin abinci ya ɓalle da labarin Hudson Hornet, kamar kullum. Ita ma shida a jere, girman injinta kubik inci 308, da ita Tim Flock ya ci kofin NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka, a 1952, Herb Thomas ɗan jiharsu ya ci a 1953, ga masu V8, wato silinda takwas, suna shan ƙura. Na ji labarin ya fi sau goma, na dai gyaɗa kai.

Bayan la'asar aka sami cikas. Top silindan Ford 240 da ya tanada, wanda ramin ƙonewarsa ya fi na 300 ƙanƙanta don haka yake ƙara matsi a arha, mun aza masa miƙaƙƙen ƙarfe sai ga haske yana wucewa a tsakiya. Ya lanƙwashe. Wanda ya sayar masa ya rantse lafiya lau yake. Sai Litinin a kai wa masu injin gogewa, ke nan babu tashin injin a makon nan.

Muna tattara sufanu ya ce in faɗa masa jerin tashin wutar silindojin, wai gwaji. Na ce 1-5-3-6-2-4, da Hausa na fara faɗa kafin na tuna inda nake. Ya tambayi inda na haddace. Na ce a kan 911, da ranƙwashin maigidana a ƙeya. Ya yi ta dariya har da tari, ya ba ni alli ya ce in rubuta masa a bango da harshenmu. Ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Yana nan saman teburin aiki, kusa da kalanda.