Kafin ka ce ƙaramin manomi bai iya lissafi ba

Ku da kuke shirin gina tsarin lissafi a kwamfuta don gane yadda ƙaramin manomi ke haɗa sana'o'in gonarsa, ga inda na yi tuntuɓe.

Umarni guda na ba tsarina na farko: ya nemo abin da ya fi riba. Nan take ya cika fili da masara, ya soke wake, ya kori awaki, ni kuwa na rubuta cewa manoma na tafka asara. Abin da na zuba masa shi ne matsakaicin amfanin shekaru, alhali mai hekta ɗaya ba matsakaici yake ci ba. Fari ɗaya ya isa ya raba shi da irin shuka. Tun 1968 masanin tattalin arziki Michael Lipton ya nuna cewa irin wannan manomi tsira yake fara nema kafin riba, kuma a 1971 wani masanin, Peter Hazell, ya fito da hanyar MOTAD ta saka kasada cikin lissafi. Duk suna laburare, garaje ne ya hana ni dubawa.

Ƙwadago ma na tara shi na shekara ɗungurungum, sai ya nuna iyali na da rarar lokaci. Ina! Makonnin noman farko, lokacin da ciyawa ke tseren tsiro da shuka, su ke yanke hukunci. Ku raba aikin mako-mako, za ku ga dalilin da ya sa ake haɗa amfanin da ba sa nuna tare.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne lissafa kowace sana'a ita kaɗai. A haka akuya asara ce. Amma harawar wake ita take ci, kashinta ya koma gona, saiwar waken kuma ta bar sinadarin naitirojin a ƙasa. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, akuyar ake sayarwa, ba a jiran girbi.

Kada kuma ku ɗauki gida tamkar mutum ɗaya. Binciken masanin tattalin arziki Christopher Udry na 1996 a Burkina Faso ya gano gonakin mata na samun ƙarancin taki da ƙwadago idan aka kwatanta da na maza, a gida guda. Ku tambayi maigida da uwargida daban-daban.

Kafin tsarinku ya ba kowa shawara, ku sa ya fara fito da abin da manoman ke shukawa yanzu. Idan ya kasa, ku koma gona da tambayoyi.