A Rumfar Gyaran Waya

Yau a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano na tarar da yaron unguwarmu da ya yi zaman gidan gyaran hali, yana sauya gilashin wata waya, hannu ko rawa ba ya yi. Wai wasu 'yan sa-kai ne suke shiga wajen fursunonin gidan da tsofaffin wayoyi da kwamfuta suna koya musu, ba mai biyan su ko sisi. Muna cikin hira wani dattijo da ya san tarihinsa sarai ya miƙo masa waya a buɗe, ya ce, "Ɗana, duba min caji, bari in yi la'asar in dawo." Yaron ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki.

Tun 2019 doka ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya (NOUN) ma tana karantar da fursunoni kyauta, kuma madalla da hakan. Amma da kowa ya ƙi ba shi wayarsa, anya bai koma gidan jiya ba?