Talata: ni da Auta da babi na biyu

Yau na wuni da Autanmu, kuma duk hirarmu a kan babi na biyu na kundin kammala digirinsa ne. Malamin da ke duba aikin ya dawo masa da shi cike da gyare-gyare tun da daɗewa, shi kuwa ko buɗe fayil ɗin bai yi ba. Mama ce ta turo shi wurina, ta ce in yi masa faɗa don lalaci ya yi masa katutu.

Na tambaye shi me ya yi jiya. Ya share ɗakinsa tas, ya jera littattafansa, ya gyara wa abokinsa kwamfuta, har ya taya wata 'yar ajinsu duba nata kundin. Malalaci ba ya yin wannan, kwanciya yake yi hankalinsa kwance. Auta kuwa ya ce ko barci ba ya iya yi sosai.

"Yaya, wallahi da na tuna da fayil ɗin sai gabana ya faɗi."

Nan maganar take. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, masana halayyar ɗan Adam, sun yi bayani a 2013 cewa mai ɗage aiki ɓacin ran da aikin ke tayar masa yake gudu: fargaba, ko gundura, ko tsoron a ce bai iya ba. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji wani sanyi a ransa nan take, kuma wannan sanyin ne ke koya masa ya sake faɗin haka gobe. Shi ya sa shara ke yi wa Auta daɗi. Aiki ce ita ma, tana hana zuciya zarginsa, kuma babu malamin da zai ja mata jan biro.

Ya so ya kare kansa, wai ai wani jinkirin alheri ne. Na ce haka ne, idan akwai abin da kake jira. Kai me kake jira? Ya yi dariya. Jinkirin da masana ke magana a kai shi ne wanda ka san zai cuce ka amma ka yi shi da ganganci. Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Amurka ya kiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na manya abin ya zame musu ɗabi'a, a aiki da gida da lafiyarsu.

Sai ya kawo wata: wai shi mai son komai ya fita ba kuskure ne. Kowa na son wannan uzurin saboda yana da kwarjini. Amma Piers Steel na Jami'ar Calgary, da ya tattara ɗaruruwan bincike a 2007, ya ga alaƙar son kamala da ɗage aiki ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi tasiri shi ne saurin bin abin da zuciya ta so a take, da ƙin aikin, da rashin yarda da kai. Ga kuma nisan lada: digiri na can gaba, wayarsa kuwa tana tafin hannunsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ya ce kwana uku sun ishe shi idan ya zauna. Na ba shi labarin ɗaliban Kanada da Roger Buehler da abokan aikinsa suka tambaya a 1994 kwana nawa kundinsu zai ɗauka. Sun ce kusan 34, ya ɗauke su kusan 55. Ba ƙarya suka yi ba, lissafi suka yi da ranar da ba ciwon kai, ba baƙo, ba gajiya, irin ranar da ba ta cika zuwa ba.

Faɗan da Mama ta aiko ni in yi ban yi shi ba. Pychyl da abokansa sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu. Kunya ƙara wa fayil ɗin nauyi take yi, Auta kuwa yana da ita har ta yi masa yawa.

Bayan la'asar na ce ya buɗe a gabana, ya karanta gyara na farko kawai. Ya daɗe yana juya linzamin kwamfutar kafin ya danna. Ashe yawancin gyaran na tsarin rubutu ne da shekarun da ya manta bai sa ba. Guda ɗaya ne mai nauyi, malamin na son ya sake gina hujjar sashe na ƙarshe. Ya gama ƙananan kafin magariba. Babban kuma mun sa masa lokaci, gobe ƙarfe 9 a ɗakin karatu, wayarsa a jakata.