Yarinyar da ke ƙarƙashin gadon Inna

Shekarata bakwai a watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine a Kano, gidanmu kuma yana Fagge, ba nisa da 'Yan Awaki. Da na zauna rubuta labarin, sai na cika shafi biyar da Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, da Gwamna Abubakar Rimi da yadda aka turo sojoji bayan abin ya gagari 'yan sanda. Na kai wa Yaya ta karanta. Ta ajiye takardun ta ce, "Duk gaskiya ne, amma ke kina ina? Ai a ƙarƙashin gadon Inna kika wuni."

Maganar ta shige ni. Ashe bakin babba na ɗora wa yarinya.

Na koma ƙarƙashin gadon nan da alƙalamina. Daga can ba a ganin fuska, sai ƙafafu: kaushin dugadugan Inna da hunturu ya tsattsaga, silifas ɗin Baba waɗanda ya ƙi cirewa har a ɗaki, da jerin kwanukan samira da nake ƙirgawa. Ƙarar bindiga kuwa, iyakar inda na san ta shi ne Hawan Daushe, don haka na yi ta tambaya ko Sarki ne ya fito. Haka na rubuta shi, ban gyara wa yarinyar fahimtarta ba. Mai karatu ya san abin da ake harbi, ita ba ta sani ba, kuma a wannan ratar tsoron yake zaune.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne murnar da na yi cewa babu makarantar allo. Sau uku ina gogewa don kunya, mutane suna mutuwa. Daga baya na bar shi, domin yarinyar ta yi murnar.

Bayanin tarihi ban zubar da shi ba, na ware masa sakin layi da muryata ta yau. Maganar da ban riƙe ba, ban ƙirƙira ba.

Mun saɓa da Yaya a kan abu guda. Na tuna Inna ta ba mu ƙanzo da ƙuli-ƙuli a daren farko, ita ta rantse gari muka sha. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, babu mai raba mu. Na rubuta duka biyun.