Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sandar Giya 'Yar Aike Ce

Makon jiya na tsaya a rasuwar Inna, kuma da niyyar shiga maganar aurena na zauna yau. Amma ranar Talata wani matashi ya shigo garejina da mota, sandar giyarta sai rawa take yi, sai wani tsohon miki ya taso min ya hana ni barci. Maganar aure za ta jira.

Baffa yana da wata magana da duk wanda ya taɓa riƙe masa sifana ya haddace. Yakan ce, "Sandar giya 'yar aike ce. In ka ga tana rawa kada ka kama ta da kokawa, nemi wanda ya aiko ta." Ina ɗan shekara goma sha uku na fara jin ta, a makon da Baba ya kama hannuna ya damƙa wa ƙanensa Baffa in koyi gyaran mota. A lokacin ko kan noti ban sani ba, amma maganar ta zauna.

A 1997 abin ya faru, lokacin wahalar man nan ta zamanin Abacha, da mutum zai kwana biyu a layin gidan mai ya dawo da galan a bushe. Aiki ya ja baya a gareji. Ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da Baffa, sai dai a kawo shi da hantsi ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya da carbinsa. Yaya, babban ɗansa, shi ke riƙe da wuri. Ni kuwa ina shekara ta bakwai a koyo, ana ta cewa bayan babbar Sallah za a yaye ni.

Sai ga motar Alhaji, mai fataucin shanu a kasuwar Maigatari duk Alhamis. Toyota Hilux ce fara, mai injin fetur 22R. Direbansa ya ce in ya taka totur sandar giya sai ta zabura gefe har ta bugi gwiwarsa, in ya ɗaga ƙafa ta koma da ƙara, gum! A hanyar Gumel kuma sau biyu tana tsalle ta fita daga giya. Yaya ya shiga, ya kama sandar ya girgiza, ya fito ya ce giyabos ya gama aiki.

Ni a raina na san ba a nemi wanda ya aiko ta ba. A irin wannan mota sandar a kan giyabos ɗin take zaune kai tsaye, ta leƙo ta wani rami a daɓen motar. Inji da giyabos kuwa a haɗe suke kamar abu ɗaya, kuma wuri uku suka dogara: injin sit biyu a gaba, dama da hagu, sai giya sit ɗaya a baya, a kan ƙarfen nan da ya gitta shasi daga wannan gefe zuwa wancan. Duk roba ce manne da ƙarfe. In inji ya murɗa farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, shi ma yana son ya murɗe ta ɗaya ɓangaren, robobin nan ne ke riƙe shi. Ranar da ta baya ta saki, wutsiyar giyabos za ta riƙa tashi tana faɗuwa, sanda kuma dole ta bi. In rawar ta yi yawa har sandar ta daki bakin ramin, ita da kanta za ta ture giyar waje.

Baffa ne ya koya mana bambancewa. A kashe mota a sa giya a firi. In sanda tana lilo kamar muciya a tukunya, 'yar robar gindinta ce ta cinye. In kuwa a tsaye take daram, sai an tashi mota, an ja birkin hannu, an sa lamba ɗaya an ɗan saki kuloci sannan ta zabura, a koma ribas ta zabura ɗaya gefen, to laifin yana ƙasa. Gwajin da bai kai minti biyar ba. Yaya ya san shi kamar yadda na san shi. Bai yi ba.

Aka sauke giyabos, ni ne a rami. Da na kwance giya sit ɗin, gida biyu ya rabu a hannuna, ƙarfen sama daban, na ƙasa daban. Robar ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, tana warin man giya, domin sil ɗin wutsiya, zoben robar da ke hana mai zuba, ya daɗe yana ɗiga a kanta, mai kuwa ba ya barin roba da rai. Na fito da shi na ce, "Yaya, ga ciwon motar nan."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne za ka koya min aiki? Mayar da shi, nauyi zai danne shi."

Na mayar. Wannan shi ne abin da har gobe nake nadama. An karɓi kuɗin Alhaji an sayo giyabos ɗan Beljiyam, aka ɗora shi a kan mataccen sit, kuma da hannuna na ɗaure notinan. Na ji tsoron a fasa yaye ni, shi ya sa na yi shiru.

Kwana tara motar ta dawo, Alhaji da kansa a gaba, ransa a ɓace. Nan a gaban yara, a gaban mai shayi, a gaban Baffa, Yaya ya ce yaron nan ne bai ɗaure noti ba. Ya nuna ni. Ya wanke ni da mari. Marin bai dame ni ba, mun sha shi tun muna ƙanana. Baffa na duba. Mutumin da ya ce a nemi wanda ya aiko ta, ranar an kama ɗan aike ana duka a gabansa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ga sit ɗin nan ranar da na fito da shi, idonmu ya haɗu. Uffan bai ce ba.

Na san ɗansa ne. Na haifa ni ma, na san yadda abin yake. Da Baffa yana jinyar ajali na je gaishe shi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, leɓensa yana motsi, na zaci maganar zai tayar. Sai ya ce in riƙa leƙa Yaya. Na ce to, Baffa. Allah Ya jiƙansa Ya yi masa rahama, duk abin da nake ci yau daga hannunsa ya fito. Amma kalma ɗaya na jira daga bakinsa, shekara da shekaru.

Mu koma ga motar. Washegari bayan asuba na ɗauki kuɗin da nake tarawa na sayen akwatin sifanu, na jira aka buɗe shaguna a Ƙofar Ruwa, na sayo giya sit da sil. Kafin Yaya ya iso na tsiyaye mai, na zare farfela na canja sil ɗin, don in ba a tsayar da ɗigar ba sabuwar robar ma tafiya za ta yi. Na kafa jak ƙarƙashin giyabos da guntun katako a tsakani, na ɗaga kaɗan, daidai yadda nauyi zai bar ƙarfen gicciye. Na cire mataccen, na kankare wurin, na zaunar da sabo. Kowane noti da yatsa na fara kama shi, ban ɗaure ko ɗaya ba sai da na sauke jak nauyi ya zauna, domin robar da aka ɗaure a murɗe ba ta yin ƙarko. Sifana 12 da 14 da 17, Toyota ba ta cika neman fiye da haka ba. Na duba injin sit biyun da liba, suna da sauran rai. Kuros ɗin farfela na gaba, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasa, ya fara sassauci, abin da na yi tsammani ke nan tunda wutsiyar ta daɗe a sunkuye, na gaya wa direba ya sa ido.

Na tashi motar, na ja birkin hannu, na sa lamba ɗaya na ɗan saki kuloci. Na ɗora tafin hannuna a kan sandar. Ɗan kaɗawar inji kawai nake ji. Na sa ribas, haka. Sai da na kifa kaina a sitiyari na ɗan jima.

Yaya ya gaya wa Alhaji shi ya sake ɗaure notinan da kyau. Alhaji har ya koma ga Allah bai san me aka canja a motarsa ba. Tsohon giyabos ɗin kuwa, lafiyayye, na ga inda ya tafi da wanda ya karɓi kuɗinsa, amma 'ya'yan Yaya suna karanta wannan rubutu, na bar shi a nan.

Motar ranar Talata Subaru ce. Ita ƙarfen gicciyenta haɗi ne, da ƙananan boshin roba a mahaɗarsa, ban da sit ɗin kansa. An riga an gaya wa yaron a wani wuri cewa sai an buɗe giyabos. Na sa babban yarona ya shiga rami da liba, ya ɗan ɗaga, muka ga ƙarfen yana wasa a kan robobin da suka tsattsage suka lotse. Wani ya taɓa cusa yankan taya a ɗaya daga ciki, abin da ba na yarda a yi min a gareji, don taya ba ta shanye girgiza, cikin mota take turo ta. Muka canja su duka. Da yarona ya fito yana goge hannu ya ce, "Baba, 'yar aike ce ashe," sai na juya baya kamar ina neman wani abu a akwati.

Ba a yaye ni bayan Sallar ba. Yaya ya ce wanda bai iya ɗaure noti ba sai ya ƙara shekara. Ban ƙara ba. Ranar da na bar garejin, rigata biyu ce a leda, sai rabin tsohon sit ɗin nan da na ɗauke daga bola. Yana nan a ƙasan akwatina. Yadda na je na gaya wa Baba na baro wurin ƙanensa, da abin da ya ce min a zaure, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.