Wuni guda a tudun Point Alpha

Ƙanena da ke karatu a Frankfurt ne ya matsa mini. "Yaya, ai ba ka koma gida ba ka ga inda aka yi zaton yaƙin duniya na uku zai fara ba." Da sassafe muka hau jirgin ƙasa, cikin kamar awa guda muna Fulda, muka canja zuwa Hünfeld, mota ta ƙarasa da mu wajen ƙauyen Rasdorf. Rigar sanyin da na saya a gwanjo ba ta san iskar tuddan Rhön ba, tun a bakin ƙofa haƙorana suka fara haɗuwa.

Point Alpha, tsohon sansanin sa ido na sojojin Amurka a kan tsohuwar iyakar Jamus ta Yamma da ta Gabas, ba shi da wani kwarjini. 'Yan ɗakunan kwanan soja ne, da tsofaffin motocin yaƙi, sai hasumiyar Amurkawa tana kallon ta Jamus ta Gabas, tazarar da ko kira ka ƙwala za a ji. Na hau sama ina haki. Ga shingen ƙarfe da aka bari don tarihi, ga hanyar sintiri ta kankare ciyawa ta fito ta ramukanta, can ƙasa kuma garin Geisa kwance da jajayen rufi. Ta wannan sararin aka yi tsammanin tankokin Tarayyar Sobiyet za su kwararo su nufi Frankfurt, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai.

A nan saman na fahimci rigimar da ƙawayen NATO, ƙawancen tsaron Amurka da ƙasashen Yamma, suka daɗe suna yi a tsakaninsu. A Lisbon, cikin 1952, sun yi alkawarin tara runduna 96, aljihu ya ƙi, sai aka jingina da barazanar nukiliya don ta fi araha. Da Sobiyet ta samu makaman da za su kai biranen Amurka, lissafi ya canja. A 1962 sakataren tsaron Amurka, Robert McNamara, ya nemi Turawa su ƙara sojoji da tankoki, a fara tare abokan gaba da makaman gargajiya kafin a kai ga nukiliya. Turawa suka ji wani abu daban: mai gida yana neman hanyar zamewa. Shugaban Faransa De Gaulle bai yarda Amurka za ta sadaukar da garuruwanta saboda Paris ba, ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwa a 1966, hedikwatar NATO ta tattara ta koma Beljiyam. Sai a 1967 sauran suka amince da sabon tsarin.

Jamusawan Yamma kuwa tasu ta fi zafi, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Tsarin farko cewa ya yi a ja da baya har kogin Rhine a tsaya. Wato a bar ƙauyuka irin su Rasdorf ke nan. Suka dage a tare yaƙi a kan iyaka. To amma ko da tanka aka yi shi ko da nukiliya, gonar wa za a tattake?

Ina cikin wannan tunani wata tarakta ta ratso ta gefen tsohuwar iyakar, direban ko ɗaga kai bai yi ba. Ƙanena ya taɓa ni, ya nuna agogo. "Yaya, mu sauka, motocin ƙauyen nan ba sa jiran kowa." Muka gangara da gudu-gudu, hannuwana cikin aljihu.