C0001 guda shida

Wani gajeren fim da muka ɗauka kan majeman Sakkwato, masu jeme fatar jar akuya, shi ya koya mini darajar sunan fayil. Kwana uku muka yi da kyamarorin Sony biyu. Kullum da yamma sai in juye katin ajiyar hotuna na kowace kyamara a kwamfuta, mai ɗaukar hoto ya goge shi saboda gobe. Ashe yadda aka saita kyamarorin, duk goge kati sai lamba ta koma farko. Haka na tara C0001, sunan da kyamara ke ba hoton farko, har guda shida.

Matsalar ba ta fito ba sai da na mayar da aikin kan wata ma'ajiya. Allon Premiere, manhajar da nake tace fim da ita, ya yi ja, hotuna sun ɓace. Na nuna wa manhajar sabon wurin cikin gaggawa, ita kuma ta bi suna, ta ɗauko wani C0007 ta sa a gurbin ɗan'uwansa. Inda dattijo ke bayanin yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa, sai ga yaro yana shanya. Darakta ya dube ni ya ce, "Malam, mi ya samu aikin ga?" Kwana biyu na yi ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya, ga zafin bazara, ga ɗaukewar wuta. Abin da ya fi damuna shi ne maganar dattijon nan, don ba kullum ake samun mai sana'a ya saki jiki gaban kyamara ba.

Yanzu kafin komai ya shiga manhajar tacewa nake raɗa masa suna: shekara, wata, rana, sai kyamara A ko B, lambar kati, sannan asalin lambar da kyamara ta ba shi a ƙarshe. Da zarar ya shiga, ba na sake taɓa sunan. Ƙananan kwafin da nake tacewa da su don kwamfuta ta yi sauri, su ma sunan iyayensu suke ɗauka.

Allon tafi kuwa, wato allon nan da ake tafawa gaban kyamara a farkon ɗauka, wanda yara ke ganin ado ne, ba na yarda a bar shi. Lambar fitowa da lambar ɗauka suna jikinsa, ƙarar tafin kuma da ita nake haɗa hoto da sautin da aka naɗa daban. Kati kuma ba a goge shi sai na ga kwafi biyu a ma'ajiya biyu da idona.